Ƙwannafi: kanwa, farar kwalba, ko alminiyam gilaisinet?

Wanda ƙwannafi ya taɓa tayarwa tsakar dare, bayan ya cika ciki da wake da shinkafa mai yawan shito, ya san ba lokacin dogon nazari ba ne. Abin da hannu ya kai gare shi, shi ake sha. A gidajenmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, abin da hannu ke kaiwa gare shi sanannu ne: gutsuren kanwa a jiƙa a kofi, farar kwalbar kemis mai ƙamshin na'ana'a, garin Andrews mai tafasa a ruwa, ko ƙwayar taunawa. Sai kuma wani suna da mutum kan ci karo da shi jefi-jefi a jikin kwalin maganin da 'yan uwa ke aikowa daga waje, ko a tallar intanet: alminiyam gilaisinet. Masu tallarsa sun fi jaddada cewa da amino asid aka haɗa shi, wato irin abin da jiki ke gina tsoka da shi, don mai saye ya ɗauka abinci ne ba magani ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: sinadari ne mai kyau, an ƙera shi da basira, amma bai kai a bar abin da ke kemis ɗin unguwa a shiga nemansa da tsada ba. Kuma duk takatsantsan da ake yi da sauran magungunan alminiyam, shi ma bai tsira daga ko ɗaya ba. Abin da ya kamata ya raba gardama ba sunan da ke kwalba ba ne. Lafiyar ƙodar mai sha ce, da hawan jininsa, da sauran magungunan da yake sha, da kuma sau nawa ciwon ke dawowa a mako.

Gilaisin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin amino asid 20 da ake gina furotin da su. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Henri Braconnot, ya fara ware shi a 1820 bayan ya dafa jelatin da asid, ya tarar yana da ɗan zaƙi. Jin an ambaci jelatin kan sa Musulmi ya ɗaga kai, don haka gara a faɗa: gilaisin ɗin da masana'antu ke sayarwa yau yawanci haɗa shi ake yi daga amoniya da wani asid mai suna kuloro'asetik, ba daga ƙashi ko fatar dabba ba. Idan aka ɗaura gilaisin ɗaya da haidiroksil biyu a kan ƙwayar zarra ɗaya ta alminiyam, an samu gishirin da muke magana a kai. A jikin kwali ana rubuta shi Aluminium Glycinate, ko Dihydroxyaluminum Aminoacetate. Abu ɗaya ne. Lissafinsa C2H6AlNO4, nauyinsa 135, kuma 27 daga ciki alminiyam ne, wato kashi ɗaya cikin biyar. Farin gari ne, ba ya wari, yana da ɗan zaƙi-zaƙi a harshe. Zuba shi a ruwa, ba zai narke ba, sai dai ya yi fari kamar an dama alli, kuma ruwan ba ya yin tsami ba ya yin kanwa-kanwa, yana nan tsaka-tsaki. Amma da ya gamu da asid sai ya narke. Wannan halin na ƙin ruwa da son asid shi ne tushen duk amfaninsa, a cikin ciki da a masana'anta.

Abin ban haushi ga ɗan Gana shi ne ƙasar da ake samun alminiyam daga gare ta tana ƙarƙashin ƙafarmu. Ana haƙar boksait a Awaso tun farkon shekarun 1940, ga kuma tarinsa a Nyinahin, nan cikin yankin Ashanti. Kamfanin VALCO a Tema ya fara narka alminiyam a 1967 da wutar madatsar ruwa ta Akosombo. Amma matakin tsakiya, wato tace boksait ya koma alumina, shekara da shekaru a waje ake yinsa: a fitar da ɗanyen dutse, a sayo tatacce. A wannan matakin ne ake samun alminiyam haidiroksaid, kakan duk magungunan alminiyam.

Yanzu mu shiga cikin tumbi. Ruwan da tumbi ke zubarwa asid ne mai ƙarfi, a ma'aunin pH yana tsakanin 1 da 3. Ma'aunin nan ninki goma-goma yake tafiya: idan ka ɗaga shi da mataki ɗaya ka kashe kashi 90 cikin 100 na tsamin, idan ka ɗaga da biyu ka kashe 99. Saboda haka ba a buƙatar kai tumbi 7 kafin zafi ya lafa. Kai shi wajen 3 zuwa 4 ya wadatar, domin daga nan ne fefsin, sinadarin da ke narka nama kuma yake cin gyambo, ke fara rasa ƙarfi. Magungunan alminiyam nan suke tsayawa, ba sa zarcewa.

Tsohon cikinsu, alminiyam haidiroksaid, yana da wani aibi da masu haɗa magani suka daɗe da sani. Yana aiki sosai muddin yana cikin ruwa-ruwa. Idan aka busar da shi aka matse shi ƙwaya, aka ajiye ya daɗe, sai ya riƙa taurarewa ta ciki, ya yi nawa wajen haɗuwa da asid. Tumbi kuwa ba ya jira: in babu abinci a ciki, kafin awa guda ya tura maganin zuwa hanji, ko ya gama aiki ko bai gama ba. Wannan matsalar ce John Krantz da abokan aikinsa a Amurka suka nufa lokacin da suka gabatar da gilaisinet a 1944. Gilaisin da ke manne da alminiyam yana sa garin ya ci gaba da saurin narkewa a asid ko da a bushe yake, shi kansa gilaisin kuma yana shanye wani ɓangare na tsamin. Ga fifikonsa ke nan, kuma fifiko ne na gaske: ƙwaya busasshiya mai aiki kusa da na ruwa. Ƙari a kan haka, alminiyam ɗin da ke cikin giram ɗaya nasa bai kai na haidiroksaid ba, kashi 20 cikin 100 a maimakon kusan 35. Ga direban da ke hanyar Kumasi zuwa Tamale, ko ɗan kasuwar da ke yini a kasuwar Kejetia ba zai iya yawo da kwalba da cokali ba, wannan abin so ne. Ga wanda ke gida da kwalba a kan tebur, fifikon ya ragu sosai, domin maganin ruwa dama ba shi da waccan matsalar.

Kanwa ce ta fi kowa kusa, kuma a kanta nake son in daɗe. Kowa ya ga mai wake da shinkafa ta fasa gutsure ta jefa a tukunya, ruwan ya yi duhu, wake ya yi laushi da wuri. Kowa ya san kuɓewa ba ta yauƙi sosai sai da ita. Tun zamanin fatake ake kawo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar. A sinadarance, mafi yawanta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da yashi da abin da ƙasar wurin ta ƙunsa, kuma kowane gutsure da nasa ƙarfin. Baikabonet ɗin shi ne sodar yin burodi, shi ne kuma ke cikin garin nan mai tafasa. Aikinsa nan take ne. Kamar watsa ruwa ne a garwashi: ƙara da tururi, wuta ta mutu yanzu-yanzu, alhali alminiyam toka yake rufa mata a hankali. Gyatsar da ke biyo baya, wadda mutane ke ɗauka alamar magani ya ci, iskar kabon ce kawai da ke fita idan soda ta gamu da asid. Giram ɗaya na soda yana fitar da fiye da rubu'in lita na iska. Ga cikin da ya riga ya cika da tuwo, iskar nan kumburi ce, kuma gyatsar kanta takan ɗauko tsamin ta kai shi maƙogwaro.

Babbar matsalar ita ce sodiyam. Kashi 27 cikin 100 na sodar burodi sodiyam ne. Ƙaramin cokali ɗaya a shafe ya haura miligiram 1,200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 a yini gaba ɗaya, har da na miya da na dunƙulen ɗanɗano. Mai hawan jini da ke shan ƙwayarsa da safe ya sha ruwan kanwa da dare, da hannunsa yake warware abin da ya ɗinka. Likitoci a Zariya, a shekarun 1970, sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi na kwana arba'in. Wannan ba labarin wasu ba ne, al'adarmu ce. Soda kuma, ba kamar alminiyam ba, jini na shanye ta gaba ɗaya, don haka yawan shanta na iya karkatar da ma'aunin jini. Mutum mai lafiya ya sha sodar kemis sau ɗaya a wata don ya ci ya wuce kima, ba za a ce ya yi ɓarna ba. Amma a mai da kanwa maganin kullum, a cikin duk zaɓin nan ita ce ta ƙarshe a wurina, ko da ta fi kowanne araha.

Farar kwalbar nan da ake cewa a girgiza kafin a sha, haɗin magnesiyam tiraisiliket ce. Ajiye ta kwana biyu za ka ga farin gari ya kwanta a ƙasa, ruwa garai-garai a sama. Wanda ya tsiyaya bai girgiza ba ya sha ruwan soda ne ya bar maganin a gindin kwalba. A tsarin haɗin da aka gada daga Ingila, kowane mililita 5 yana ɗauke da miligiram 250 na tiraisiliket, 250 na magnesiyam kabonet, da 250 na sodar burodi. Mutane da yawa ba su san da wannan na ukun ba. Cokali biyu, wato mililita 10, sun kai wajen miligiram 137 na sodiyam. Sau uku a yini ya haura 400. Bai kai kanwa ba, amma mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa ya sa shi a lissafi. Magnesiyam yana sakin ciki, har ya kai ga zawo. Shan tiraisiliket shekara da shekaru kuma an san yana iya haifar da tsakuwa a ƙoda, ko da yake ba kasafai ba.

Alminiyam shi kuma ɗaure ciki yake yi. Daga nan dabarar haɗa su biyun ta fito, ɗaya ya saki ɗaya ya ɗaure, a tashi babu ci. Maalox haɗin alminiyam haidiroksaid ne da magnesiyam haidiroksaid. Ƙwayar tiraisiliket ta taunawa tana da miligiram 250 na tiraisiliket da 120 na busasshen alminiyam haidiroksaid. Gilaisinet ma shi kaɗai ɗaure ciki yake yi, shi ya sa galibi za ka same shi tare da magnesiyam kabonet. Tsoho mai fama da taurin bayan gida ko basir, a ba shi alminiyam tsura, ko wane iri ne, an ƙara masa wahala.

Kalsiyam kabonet, wato alli tatacce, yana da ƙarfi: giram ɗaya nasa yana kashe asid fiye da giram ɗaya na soda da kusan kashi biyu cikin uku. Shi ma yana kawo gyatsa da ɗaurin ciki, kuma yakan sa tumbi ya sake zubo asid daga baya. Gaviscon kuwa hanyarsa daban ce. Yana ɗauke da aljinet da ake samu daga ciyawar teku, wanda ke yin kumfa mai kauri ta yi iyo a saman abin da ke cikin tumbi ta tare hanyar hawa. Idan damuwar ita ce tsami na hawowa maƙogwaro in an kwanta ko an yi ruku'u, wannan ya fi dacewa da ciwon fiye da gilaisinet. Akwai sodiyam a cikinsa shi ma.

To, alminiyam ɗin da ake haɗiyewa, ina yake zuwa? Kusan dukansa bayan gida yake bi. Abin da hanji ke shanyewa daga abinci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙoda kuma ta tace shi ta zubar a fitsari. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya sa iyaka a 2011: miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako. Turai ta fi tsanani, miligiram 1 tun 2008. Mai kilo 60 ke nan yana da miligiram 120 a mako bisa lissafin farko. Yanzu ɗauki rabin giram na gilaisinet: miligiram 100 na alminiyam ne a ciki. Sha ɗaya ya kusa cinye rabon mako. Iyakar nan don abincin da ake ci har tsawon rai aka yi ta, ba don maganin kwana uku ba, saboda haka kada kowa ya firgita. Abin da take nunawa shi ne, waɗannan magunguna na ɗan lokaci ne. Mai shan su kullum tsawon watanni yana zuba wa jikinsa ninkin-ba-ninkin abin da tukunyar alminiyam za ta taɓa ba shi. Mutane na tsoron tukunya suna shan kwalba, abin da mamaki. Maganar da ake yaɗawa cewa alminiyam ke kawo cutar mantuwa ta tsufa kuwa, bincike bai tabbatar da ita ba.

Wanda abin ya tabbata a kansa shi ne mai ciwon ƙoda. A shekarun 1970 likitoci suka gano wata cutar ƙwaƙwalwa a tsakanin masu wankin ƙoda: harshe ya sarƙe, jiki ya riƙa fizga, hankali ya gushe. Da aka bi diddigi, alminiyam ne ya taru, daga ruwan wankin da kuma maganin alminiyam da ake ba su. Yana kuma taruwa a ƙashi ya raunana shi, ya kawo ƙarancin jini. Magnesiyam ma taruwa yake yi idan ƙoda ta gaza. Matsalarmu a nan ita ce ciwon ƙoda ba ya sallama. Mai ciwon suga ko hawan jini na shekaru goma zai iya rasa rabin aikin ƙodarsa bai ji komai ba, sai ranar da aka tura shi babban asibitin Komfo Anokye. Irin wannan mutum, kafin ya riƙi kowace kwalba a matsayin abokiyar kwana, a auna masa kiriyatinin a jini, wato gwajin aikin ƙoda. Gwaji ne da ƙananan ɗakunan gwaji ma ke yi.

Akwai wani haɗi da ba a cika faɗa ba. Sitiret, tsamin da ke cikin lemun tsami da lemun zaƙi, yana ninka yawan alminiyam da hanji ke shanyewa. Garin nan mai tafasa yana ɗauke da sitirik asid, shi ke sa shi tafasa. Wanda ya tauna ƙwayar alminiyam, ya ga bai ji sauƙi ba, ya bi ta da kofin mai tafasa ko lamurje mai lemun tsami, ya buɗe wa alminiyam ƙofar jini. Ga mai lafiyar ƙoda, sau ɗaya ba komai. Ga mai raunin ƙoda, haɗari ne na gaske. Haka kuma alminiyam yana kama fosfet a hanji ya fitar da shi, don haka doguwar sha, musamman ga tsohon da ba ya cin nama da kifi sosai, tana kawo kasala da ciwon ƙashi. Gilaisin bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin da zarar asid ya narka gishirin, alminiyam ya rabu da shi ya kama gabansa.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a bakin kantar kemis ita ce wadda mai kemis bai cika yi ba.

"Mma Hajiya, akwai wani maganin da kike sha bayan wannan?"

"Babu, ɗana. Sai dai na hawan jini, da jar ƙwayar nan ta ƙarin jini."

A wurinta waɗannan ba magani ba ne, abin kullum ne. Amma jar ƙwayar ƙarfe ce, kuma alminiyam da magnesiyam da kalsiyam duk suna hana hanji shanye ta. Haka suke yi wa tetirasaikilin da doksisaikilin, da siprofuloksasin da ake yawan bayarwa don taifod da ciwon mafitsara: su manne da maganin su fita da shi, mutum ya gama kwalin ya ce magani bai yi ba. Ƙa'idar siprofuloksasin ita ce a sha shi awa 2 kafin maganin ƙwannafi, ko awa 6 bayansa. Tazarar dolutegirabiya ma haka take, maganin da yanzu ke cikin ƙwayar yau da kullum ta masu ɗauke da cutar HIV, kuma wannan mai kemis ba zai sani ba sai an gaya masa, mai shi kuwa ba lallai ya faɗa a gaban layi ba. Maganin maƙoƙo na tairoksin yana son tazarar awa 4. Ga sauran magunguna, a bar awa 2 tsakani.

A masana'anta, gilaisinet ya fi samun kasuwa a wani wuri da ba a haɗiye shi. Fulastar nan mai sanyi da ake manna wa yaro a goshi idan yana zazzaɓi, da wadda ake mannawa a ƙugu ko gwiwa don ciwo, akwai wani jeli mai danshi a jikinta wanda ba ya zuba ba ya bushewa. Ana yinsa da wani sinadari mai dogayen zaruruwa, sodiyam foli'akirilet, kuma sai an ɗaure zaruruwan da juna kafin ya tsaya. Alminiyam ke ɗaurin. Da za a zuba alimun, wanda ke narkewa a ruwa nan take, da kwaɓin ya daskare guda-guda tun a cikin tukunyar haɗi. Sai ake zuba gilaisinet, wanda ruwa ba ya narkawa, a ƙara ɗan tatarik asid, irin tsamin da ke cikin tsamiya. Asid ɗin na sakin alminiyam kaɗan-kaɗan, a samu lokacin shimfiɗa kwaɓin a kan ƙyalle, a rufe, a yanka, sannan ya kama jikinsa. Fulastar Lidoderm ta kashe zafi tana lissafa shi a cikin kayan haɗinta. Tsohon haɗin Bufferin na Amurka kuma aspirin ne da gilaisinet da magnesiyam kabonet, don rage zafin ciki. A nan a yi hattara: rage zafi daban, hana zubar jini daban. Aspirin yana raunana kariyar tumbi ta cikin jini ne, ba ta taɓawa kawai ba, don haka mai gyambon ciki bai tsira ba don an cakuɗa shi da alminiyam. Sandar shafawa a hamata mai hana gumi, wadda sunan sinadarinta ke ƙarewa da Gly, ita ma tana da gilaisin da alminiyam, amma wani gishiri ne daban mai zakoniyam a ciki, ba a sha.

Mai tunanin sayo garin tsura a buhu don haɗa kayan shafawa, ya nemi takardar gwajin wannan buhun, mai nuna yawan alminiyam da na darma da asenik, ya ajiye shi a rufe inda babu laima, ya rufe hanci da ido lokacin awo don ƙura. Haɗa shi a matsayin maganin sha a sayar kuwa, sai da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana. Mai saye ma ya duba lambar rajistarta a kwali, ya saya a shagon da ke da lasisin Majalisar Harhaɗa Magunguna, ba a tiren da ya yini a rana a tasha ba.

Idan aka zo zaɓi, ga yadda nake gani. Matashi mai lafiya da ƙwannafi ke damu sau ɗaya ko biyu a wata, haɗin alminiyam da magnesiyam na ruwa ya ishe shi. In yana da gilaisinet a hannu ya yi amfani da shi, in babu kada ya ɓata sidinsa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya kauce wa kanwa da mai tafasa, ya fifita haɗin da babu soda a ciki a kan farar kwalba. Mai juna biyu ta faɗa a wurin awo. Galibi aljinet ko kalsiyam ake ba ta, a raba shi da ƙwayar ƙarin jini, a bar soda da doguwar shan tiraisiliket. Jariri da ƙaramin yaro ba a ba su ko ɗaya sai da likita. Mai ciwon ƙoda kuma babu nasa a cikin kanta, nasa na hannun likitansa.

Lokacin sha ma rabin magani ne. A ciki wayam, aikin waɗannan duka ba ya wuce awa guda. Bayan abinci da kamar awa ɗaya, yakan kai awa biyu zuwa uku, saboda abincin na riƙe shi a tumbi. Shi ya sa da azumi ba sa biyan buƙata. Cokalin da aka sha da sahur ya gama aiki tun kafin hantsi, zafin kuwa da la'asar yake zuwa. Wanda ke fama haka, omefirazol ya fi masa, domin shi rufe famfon asid ɗin yake yi maimakon kashe wanda ya riga ya zubo. Ana shansa kamar rabin awa kafin cin sahur, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfi, don haka ba maganin zafin yanzu-yanzu ba ne. Shi ma ba a wuce mako biyu da shi ba tare da ganin likita ba. Rage maiƙo da yaji da buɗa-baki, barin ataya da goro a ciki wayam, da ƙin kwanciya sai awa biyu zuwa uku bayan tuwo, sukan rage buƙatar kwalbar da kanta.

Ciwon da ke dawowa sau biyu ko fiye a mako ya wuce wannan kwatancen gaba ɗaya. Mafi yawan gyambon ciki abu biyu ke kawo shi. Na farko ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005; ana gano ta a bayan gida ko a numfashi, a kashe ta da maganin ƙwayoyin cuta iri biyu tare da omefirazol na kimanin mako biyu. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak, aibufurofen da aspirin, waɗanda 'yan dako da makanikan Suame ke sha bayan an tashi aiki, sau da yawa kafin a ci komai. Babu gishirin alminiyam da ke kashe ƙwayar cutar, babu kuma wanda ke kare tumbin da ake ci gaba da zuba wa daikulofenak.

Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, aman jini, abinci na maƙalewa a ƙirji, rama ba dalili, ko ƙwannafin da ya fara sabo bayan an haura shekara 50, duk na asibiti ne a makon, na jinin kuma a ranar. Zafin ƙirji mai nauyi da ke sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. A kira 112, ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, ba a tsaya jiƙa kanwa.